Yawon Ganin Ruwa da Waɗanda Allah Ya Haɗa Ka da Su

Duk shekara idan hunturu ya kankama, sai wani a majalisarmu ya kawo shawarar a yi karo-karo a ɗauki bas a je ganin ruwa. Wata shekarar dam ɗin Warwade, nan kusa da Dutse. Wata shekarar mu bi ta Shuwarin da Kiyawa mu miƙa har Haɗeja, mu shiga dausayin Baturiya. Wurin zuwa yana sauyawa. Mutanen cikin motar ne, ikon Allah, ba sa sauyawa.

Akwai sarkin barci, wanda kafin a kai Shuwarin ya langaɓe a kafaɗarka, ba zai farka sosai ba sai an dawo, kuma gobe shi zai fi kowa ba da labari. Akwai wanda ya zo yawo da cikinsa: dabino a Dutse, rake a hanya, kifi a Haɗeja, tambayarsa ɗaya tun safe, "Direba, ina za a tsaya?" Akwai wanda da an shiga gidan mai sai waya ta same shi, ya fita yana "halo, halo" har a gama haɗa kuɗi. Akwai mai hoto, da bai taɓa fuskantar ruwan ba, kullum ƙeya yake ba shi. Sai mai tsoron 'yan ruwa, wanda ba ya shiga kwalekwale ko da kuɗi. Shi muke bar wa tsaron takalma, kuma yana da amana.

Amma gwanina shi ne wanda muke kira A-Can. Shekarun baya ofishinsu ya tura shi kwas na mako biyu Siwizalan, har yau bai gama dawowa ba. Ku iso Warwade da sanyin safiya, hazo ya kwanta a kan ruwa, masunta suna janyo taru, shanu sun jero a gaɓa, kowa ya yi shiru yana tasbihi a zuciya. Sai ka ji gyaran murya a bayanka. "Wannan ai kududdufi ne. A can..." Daga nan sai tafkin Janeba, sai duwatsun da ƙanƙara ba ta narkewa a kansu, sai jirgin ƙasa mai hawa tsauni kamar ƙadangare. Ruwan can, in ji shi, idan ka jefa kwabo kana hango shi a ƙasa. Shekarar farko zurfin gaba goma ne. Bara ya kai hamsin, kwabon kuma har rubutun jikinsa ana karantawa. Rigar sanyin da ya sayo a can ita yake sakawa, ba ya cire ta ko rana ta take, gumi yana bin wuyansa yana cewa mu ba mu san sanyi ba. Duwatsun da suka ba Dutse sunanta kuwa, ya ce a can yara ne ke wasa a kan irinsu.

Wani dattijo mai tuƙa kwalekwale a Baturiya ne ya rama mana. Ya saurare shi tsaf, sannan ya nuna garken tsuntsayen da suka sauka a bayan kacala ya ce, "Alhaji, waɗancan ai daga can ɗin suke zuwa duk shekara, kuma ba ofishin da ke biya musu kuɗin jirgi." A-Can ya yi shiru har muka kai gaɓa. Da aka kawo gasasshen kifi ya ci uku, ya yarda cewa na can ba shi da yaji.

Duk waɗannan ina iya tafiya da su har Makka. Wanda ba na iya jurewa shi ne mai barin shaida. Ya sha fiya wata ya wurga ledar cikin ruwan da ake kamun kifi, ake shayar da dabbobi, ake ban ruwan lambu. Ka yi magana ya ce, "Ruwa ai yana tafiya da ita." Zuwa ina? Gidan uban wa? Shi ne ke ƙure kiɗa a wurin da aka yi tafiyar awoyi don a ga tsuntsu. Ranar da muka ratsa Birnin Kudu, muka hau Dutsen Habude ganin zanen shanun da mutanen dauri suka bari tun kafin kakannin kakanninmu, na juya na same shi da gawayi yana rubuta sunansa a jikin dutsen, har da lambar waya. Ban san wa yake jira ya kira shi ba. A ranar na manta cewa ya girme ni.

Saura mutum ɗaya, wanda ke kama kujerar gaba ya juyo yana bayani ba a tambaye shi ba: cewa a 1991 Dutse ta zama babban birnin jiha, cewa a 2008 aka sa Baturiya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, cewa kacala ce ke toshe hanyoyin ruwa tana hana noma da su. Ni dai ban ga laifinsa ba, ilimi ne kyauta. Sai dai bara sarkin barci ya ja ni gefe ya ce shi fa ba barci yake yi ba, idonsa biyu. Bana an ce kujerata tana can baya, kusa da kular kifi.