Alhaji Ƙarami Zai Fita Rangadi

Daga ƙofar gidanmu zuwa shagon unguwa taku 50 ne. Ni kaɗai, minti biyu. Da autana ɗan shekara biyu kuwa, sai na yi sallama da mutan gida, mun yafi juna, kamar mai tafiya Makka a ƙasa.

Da farko akwai akuyar maƙwabta. Dole a tsaya a gaisa. Ita tana tuƙa, shi yana jawabi, ni ina riƙe da takalminsa ɗaya. Sai kwata, wadda yake auna zurfinta kullum da ƙafa. Sai Adaidaita Sahu: duk wanda ya wuce sai an ɗaga masa hannu. A Kano fa muke.

Mai shago na hango mu ya washe baki. "Alhaji Ƙarami! Barka da zuwa!" Ni sai daga baya: "Af, Malam, tare kuke?" Mutumin ya san sana'arsa. Maggi da omo suna can sama, sai an yi ɗage. Alewa da biskit kuwa daidai hancin yaro. Wai dacewa ce.

Aiken na Naira 500 ne. Muka tashi a 1,200, har da ƙwai guda da Alhaji ya gwada ƙwarinsa a siminti. Aka rubuta a littafin bashi. Da sunana.

Muka dawo, shi a kafaɗa, ni a jigace. Uwargida ta leƙa leda.

"Maigida, ina gishirin?"

Alhaji ya ji. Tuni ya ɗauko takalmi, ɗaya.