Godiya da Lasifika

A wurinmu Kiristocin ƙauyukan ƙasar Ɗambatta, coci da kasuwa kishiyoyi ne, kuma kwana ɗaya aka ba su: Lahadi. Ranar ce kasuwar Ɗambatta ke ci, ranar ce kuma ta sujada. Shi ya sa in Fasto ya zarce ƙarfe goma sha ɗaya yana wa'azi, sai ka ji tari ya kama dattawan ikilisiya ɗaya bayan ɗaya. Ba mura ba ce. Kowa ya ɗaure akuya a gindin darbejiya, yana tsoron kada dillalan kara su watse.

Lahadi ɗaya ce tak a shekara da ba a yin wannan tarin, wato Lahadin godiyar kaka, bayan gero da dawa sun shiga rumbu.

A zamanin kakata abin ba shi da wuya. Mai dami ya saɓo daminsa, mai gyaɗa ta cika ƙwarya, wani ya mirgino kabewa, a tara a gaba, a yi addu'a, a raba wa Fasto da gwauraye da marayu, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya san na wane ya fi na wane, sai dai in damin ya kwance a hanya. Sai Allah ya hore mana janareta, janareta ya haifi lasifika, lasifika ta haifi sakataren da ke karanta sunaye. Daga ranar godiya ta koma gasa.

Shirin kuwa tun damina ake fara shi, kuma ba a gona ba, a Kantin Kwari. Zumuntar Mata da ankonsu, mawaƙa da nasu, matasa da nasu, ga kuma na dangi, don gidan wane sun yi bara, mu ba za a bar mu a baya ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Na duba wanda ke hannuna ciki da bai, godiya ta cika shi, amma ban ci karo da anko ba ko a littafin Firistoci, inda aka yi ta zancen tufafi. Bana gwaggona ta sayar da buhun gero biyu ta yi anko da ɗinki da takalmi, don ta je ta gode wa Allah da ya ba ta gero. Na ce, "Gwaggo, to me za ki kai gaba?" Ta ce, "Kai dai yaro ne. Da tsohon zane zan je gaban Ubangiji?" Ta kai mudu uku. Shekaruna arba'in da 'yan kai, na ja bakina na yi shiru.

Sai lokacin shaida. A da, mai ba da shaida yakan ce maciji ya sare shi ya tashi, ko matarsa ta sauka lafiya. Yanzu shaida ta zama talla. Wani ɗan'uwa ya karɓi makirfo ya ce, "Ba don alfahari ba," kuma duk inda ka ji an fara da haka, gyara zama. Ya gode wa Allah saboda sabon babur, ya faɗi sunan kamfanin, ya faɗi launi, ya faɗi kuɗin har da na lamba, ya ƙara da cewa yana nan a waje gindin mangwaro ga mai son ganin ikon Allah. Abin da bai shiga shaidar ba shi ne adashen matarsa da ya ci, da rabin kuɗin da mai shago ke binsa. Aka yi tafi. Maza uku a bencinmu suka koma gida ran nan suna hararar tsohon kekensu, keken da ya kai su kasuwa shekara ashirin bai taɓa neman ko digon fetur ba.

Matasa su ba sa jiran makirfo. Nasu cocin yana cikin WhatsApp. Yaro zai ari tabarau, ya ari agogo, ya je bakin Dam ɗin Thomas ya jingina da motar wani baƙo, ya ɗora hoto ya rubuta "Godiya ta tabbata ga Allah." Wayar kanta bashi ce da ake biya kowane mako, ranar da aka yi latti ta kulle kanta kamar amarya mai yaji. Littafin Luka ya ba da labarin kutare goma da aka warkar, ɗaya kaɗai ya dawo ya yi godiya. Da a zamaninmu ne duk goman za su dawo, har da mai ɗaukar bidiyo, a kuma roƙi a maimaita warkarwar don hasken farko bai yi kyau ba.

Kada maƙwabtanmu Musulmi su yi mana dariya da yawa. Tela ɗaya ke ɗinka mana, shi ya faɗa mini cewa daren Sallah da daren Kirsimeti ciwon baya ɗaya suke sa shi, bashin ma littafi ɗaya ne.

Fasto dai ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya yi wa'azi a kan wadar zuci. Ya tuna mana cewa Manzo Bulus a kurkuku yake lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da abin da yake da shi, ƙoshi ko yunwa. Ya kawo misalin mai arzikin nan na Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, a daren kuma aka karɓi ransa. Amin ta cika ɗaki, kowa yana satar kallon wanda yake ganin da shi ake. Ni ma na kalli mai babur. Da aka fito, wani dattijo ya ja Fasto gefe ya ce, "Malam, wa'azi ya ratsa ni. Amma shi sabon rumbun, dami nawa zai ci?"

In an bi ta baki, babu al'ummar da ta kai mu wadar zuci. Ina aiki? Da godiya. Ina gajiya? Ba gajiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Kano ya zama abin da sai an yi shawara da iyali, buhun taki kuwa sai dai a gaishe shi daga nesa, amma amsar gaisuwa ba ta canja ba. Bakin ya ƙoshi, ido ne ke kwana da yunwa.

Can ƙarshen layin baiko wata tsohuwa ta taho da sanda, da zanen da na san shi tun ina firamare. Ta ajiye rabin mudun wake da ƙwan zabi biyu. Sakatare ya duba, ya duba takarda, ya ga ba abin karantawa ba ne, ya wuce. Labarin gwauruwa mai anini biyu ya faɗo mini, raina ya ɓaci a madadinta. Na same ta a waje na ce, "Iya, ba a kira sunanki ba, bari in je in yi magana." Ta ce, "Ɗana, bar shi. Wanda na kawo wa ba kurma ba ne."

Maganar ta shige ni ƙwarai. Na yi niyyar in tafi gida in yi tunani a kanta, sai aka fara gwanjon kayan godiya.

Aka ɗaga wani jan zakara mai ƙaton zanko. Mai babur ya sa kuɗi. Ni dai ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ya ƙara, na ƙara. Lasifika ta kira sunana, har da "Malam" a gaba, na ji wani daɗi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya ƙara, mata suka yi guɗa, na ƙara. Sai da muka kai kuɗin da a kara zai sayi 'yar akuya, sannan ya saki, yana murmushin da sai daga baya na gane ma'anarsa. Na ranci cikon a wurin yaron POS, na rungumo zakarana na nufi gida ina amsa barka.

Uwargida tana tankaɗe na shiga. Na ce, "Maman yara, zo ki ga abin da Ubangiji ya yi." Ta ɗago ta dube ni, ta dubi zakaran. Shi kuwa ya zille daga hannuna, ya bi ta bayan rumbu, ya shige akurki ba tare da an nuna masa hanya ba.

Ta ce, "Ai namu ne. Shi na kai baiko da safe."