Kwamfuta Ma Tana Son Shan Iska

Idan kwamfutarka ta tebur tana aiki lafiya lau da sassafe, amma da rana ta take sai fankarta ta ɗauki kururuwa, linzami ya riƙa jan ƙafa, wani lokacin ma ta ɗauke ɗif kana tsakiyar haɗa bidiyon bikin mutane, to ɗan'uwa ka sauke zargin da ka ɗora wa yaron shago. Ba lallai ba ne bairos ne, balle a ce maƙiya. Sau da yawa zafi ne ya ishe ta.

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin, faɗinsa bai wuce santimita huɗu zuwa biyar ba, amma wutar da yake sha kusan dukkanta zafi take komawa. Na ofis masu sauƙin kai sukan tsaya wajen wat 65. Manya irin su Core i9-13900K na Intel suna iya kaiwa wat 253 idan aiki ya yi aiki. Da zarar ya kusanci iyakarsa, wadda ita ce digiri 100 ga yawancin na Intel, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Wannan jan ƙafar da ke ba ka haushi, bawan Allah yana ceton ransa ne. Aikinka shi ne ka buɗe wa zafin hanyar fita, kuma abin farin ciki, mafi yawan hanyar ba ta cin ko sisi.

Kafin ka taɓa sukundireba, auna. Dafa akwati da tafin hannu ka ce “kai, ta yi zafi” ba awo ba ne. Ka saka manhajar auna zafi, HWiNFO ko Core Temp, duka kyauta ne, ka ga lambar da take nunawa tana zaune ba aiki, sannan ka ɗora mata manhajar gwaji ta Cinebench na minti goma ka ga inda za ta tsaya. Ka rubuta a takarda, domin nan da awa biyu kai da abokinka za ku fara gardamar nawa ne aka gani da farko. In tana cikin aiki mai nauyi ba ta haura digiri 80 zuwa 85 ba, ka kwantar da hankalinka ka sha shayinka. Mai Ryzen 7000 kuma kada ya ɗora hannu a ka don ya ga 95, kamfanin AMD ne ya tsara su su riƙa hawa har can muddin akwai sauran ƙarfi. Ka rubuta zafin ɗakin ma. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗiba, kuma duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, kusan ɗaya ne yake ƙaruwa a kan firosesa. Bature mai gwaji a YouTube yana zaune ne a ɗakin digiri 21 ko 22. Kai kuwa kana Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, waje ya haura 40, rufin kwano na ta aikinsa. Kada ka sa wa kanka hawan jini kana neman lambarsa.

Yanzu dubi inda ka ajiye ta. Akwai teburan da kafinta ya yi wa kwamfuta ɗan ɗaki mai ƙofa, a tura ta ciki a rufe don kada yara su taɓa. Yaran dai ba su taɓa ba, amma tana shaƙar numfashin da ta fitar tun safe har dare. Akwai kuma mai ƙauna, wadda ta lulluɓe akwatin da leshi, ta ɗora masa fulawar roba da hoton yaye ɗalibai a daidai ramukan sama. Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma a mayar da adon kan talabijin. A fito da ita fili, a ɗaga ta daga kan kafet, a bar mata ko da taƙi ɗaya tsakaninta da bango.

Sai babbar magana, ƙura. Wanda ya ga hunturu ɗaya ya san ba ta neman izinin shiga. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, ka fita da ita tsakar gida. Kada ka yi wannan aikin a falo, sai dai in kana marmarin sulhu da uwargida. Buɗe murfin gefe ka leƙa tsakanin fankar firosesa da hitsink, wato dunƙulen ƙarfen nan mai siraran haƙarƙari. A nan za ka tarar da ƙurar ta danƙare ta zama shimfiɗa mai launin toka, har ana iya ɗago ta da yatsa biyu ta taso gaba ɗaya ba ta karye ba. Fankar tana ta juyi bisa gaskiya da amana, amma iskar ba ta taɓa ƙarfen. Wani lokacin har da saƙar gizo-gizo, wani lokacin kyankyaso ya tara iyali a bayan madabod.

Bulowa ta lantarki ita ce abokiyar aiki, tare da buroshin fenti mai laushi. Amma ka danne fankar da yatsa kafin ka hura. In ka bar ta tana wulwulawa da ƙarfin bulowa, ƙarar tana da daɗi, na sani, sai dai boris ɗinta ne ke ci, kuma tana iya tura wuta baya zuwa cikin madabod. Kada ka hura da baki, yawu yana biyo iska, ƙurar kuma idonka za ta nufa. Injin mai faci ma a yi hattara da shi, domin yakan feso ruwa da mai tare da iskar. Akwatin wuta kuwa, ka hura shi ta waje kawai. Wannan ba raha a ciki: akwai kafasito a cikinsa da ke riƙe wuta bayan an zare waya, kada ka kwance shi.

Da ka gama sai a zo ga hanyar iska. Ka tuna zaure mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida. Shi ya sa dattawa ke zama a can da bazara, iska ta shigo ta nan ta fice ta can. Haka ake son akwatin kwamfuta: iska ta shigo ta gaba da ƙasa, ta bi ta kan katin girafik da firosesa, ta fice ta baya da sama. Yawan fanka ba shi ne magani ba. Biyu a gaba suna shigarwa, ɗaya a baya tana fitarwa, sun wadatar da yawancin mutane. Shida da aka ɗaura ba tsari sai su yi ta dambe da juna, zafi na zaune a tsakiya yana kallo.

To ina ne gaban fanka? Dube ta da kyau. Fuska ɗaya a buɗe take, fuka-fukan kawai kake gani. Ɗaya fuskar tana da sanduna da ke riƙe da motar, galibi huɗu, da wayar da ta bi ta jikin ɗaya daga ciki. Iska tana shiga ta buɗaɗɗiyar fuskar, ta fita ta mai sanduna. Da yawa ma an zana musu 'yan kibiyoyi a gefe. In ka yi shakka, kunna ka kawo ɗan tishu kusa, zai gaya maka gaskiya ba tare da ka rantsar da shi ba. Ka duba ta jikin hitsink ita ma, ta riƙa tura iska zuwa bayan akwati, ba ta juyo tana fuskantar masu shigowa ba.

Ga mu da muke fama da ƙura, shawarata ita ce masu shigarwa su ɗan rinjayi masu fitarwa, kuma a sa musu raga mai tacewa. Idan iskar da ke shiga ta fi yawa, rarar sai ta riƙa fita ta tsagogin akwati. Idan masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace ƙofar rago, tare da ƙurarta, ba tace ba komai. Ragar kuma ba ado ba ce, ana ciro ta a kakkaɓe, da hunturu ma kowane mako biyu bai yi yawa ba. A wanke ta in ana so, amma sai ta bushe ƙarau za ta koma.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka mai laifi. Cire murfin gefe ka sake awon nan. In zafin ya faɗi sosai, akwatin ne ya shaƙe ta. In bai motsa ba, matsalar tana tsakanin firosesa da hitsink. Akwatunan yayi masu gilashi a gaba suna yawan faɗuwa wannan jarrabawa, kyau kamar me, ga fitilu ja da kore da shuɗi, amma fankokin na manne da gilashi suna neman iska ta 'yar tsaga. Fitila ba ta taɓa rage digiri ko ɗaya ba. In za ka sayi sabo, nemi mai raga a gaba, kuma in da wuri ka ɗauki fanka mai milimita 140 a kan mai 120, domin tana tura iska daidai da ƙaramar ba tare da ta yi gudu da ihu irin nata ba. Wayoyin ciki a tattara su baya a ɗaure, shi ke nan.

In laifin na hitsink ne, sai batun man firosesa. Saman firosesa da gindin hitsink a ido sumul suke, amma akwai ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa, iskar da ta maƙale kuwa ba ta wuce da zafi sosai. Man yana cike ramukan ne kawai. Bayan 'yan shekaru yakan bushe ya zama garin alli, musamman a kwamfutocin ofis na hannu da suka sha aiki a Turai kafin su iso Titin Beirut a Kano. Ka bar kwamfutar ta yi aiki na minti kaɗan don tsohon man ya yi laushi, ka kashe, ka kwance sukurori, sannan ka ɗan murɗa hitsink hagu da dama kafin ka ɗaga. Masu Ryzen na soket AM4, da ku nake musamman: in kuka fizga kai tsaye, firosesan zai biyo hitsink ya fito daga mazauninsa, ƙafafunsa siraran nan su lanƙwashe, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Goge tsohon da sifirit mai ƙarfi, na kashi 90 ko fiye, da ƙyalle marar gashi, har ƙarfen ya yi ƙyalli. Sai ka ɗiga sabo girman ƙwayar wake a tsakiya. Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1 duk sun isa. Ƙwayar wake na ce, Malam, ba a yi maka gorin rowa a nan. Ɗora hitsink, ka ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan mai kallonta, har su zauna daidai, matsin shi zai baje man. Kada ka manta da mayar da wayar fanka inda aka rubuta CPU_FAN.

Makilin na haƙori ne, girisin mota na mota ne. Ƙanƙara da ledar fiya wata a kan akwati kuwa raɓa suke kawowa, raɓa da lantarki kuma ba sa ga maciji. Akwai wani mai da ake kira ruwan ƙarfe, yana sanyayawa ƙwarai, amma lantarki yana bi ta cikinsa kuma yana cin alminiyam, ɗigo ɗaya a kan madabod ya isa a yi zaman makoki. Bar wa masu gasa, kada garin neman gira a rasa ido. In kuma sabon hitsink ne, juya gindinsa ka ɓare siririyar ledar da aka manna masa. Ƙwararru ma sun sha ɗaurawa da ita.

Sai an yi duk wannan ba a ga sauƙi ba sannan a taɓa aljihu. Hitsink mai tsayi irin Hyper 212 na Cooler Master, ko Peerless Assassin 120 na Thermalright, ya fi ɗan guntun da ke zuwa cikin kwali nesa ba kusa ba. Sirrinsa bututan jan ƙarfen nan ne: akwai ɗan ruwa a rufe a cikinsu, zafi ya mai da shi tururi ya hau sama, ya huce a wajen haƙarƙarin ya dawo, haka har abada ba famfo ba komai. Amma auna faɗin akwatinka kafin ka biya. NH-D15 na Noctua tsayinsa milimita 165 ne, mutum ya kai shi gida da murna murfi ya ƙi rufuwa. Ka tabbatar kuma akwai ƙarafan ɗauri na soket ɗinka a kwalin, domin LGA1700 ba ya karɓar na LGA1200. Masu ƙananan kwamfutocin OptiPlex da ire-irensu, naku ɗaurin na kamfani ne, ku tsaya ga shara da sabon mai. Mai sanyayawa da ruwa da lagireto yana da kyau ga manyan firosesa, sai dai famfonsa na iya mutuwa, hitsink kuwa ba abin da zai mutu a jikinsa sai fanka, ita kuma ana samunta ko'ina. Wanda ya riga ya saya, ya ɗaura lagireton yadda samansa zai fi famfon tsayi, don kumfar iska ta taru can ba cikin famfo ba.

Saura abu guda, shi ma kyauta. Shiga BIOS ka gyara jadawalin gudun fanka, ta yi a hankali in ana hutawa, ta ƙara himma tun daga digiri 60 zuwa 70 maimakon ta jira sai abu ya ɓaci. Masu waya mai fil huɗu a sa su a PWM, masu uku a DC. Mai Ryzen ya gwada Eco Mode, wanda ke sauko da firosesa mai wat 170 zuwa 105 ko 65. Mai Intel ya rage iyakar wutar da hannu. Gudun da za ka rasa kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da zai ragu, kuma mai aiki da inbata ko janareta zai ga bambancin a batir da man fetur. Daga nan sai ka ɗauko takardar da ka rubuta, ka sake Cinebench na minti goma a daidai lokacin da ka yi na farko, kada ka auna ɗaya da azahar ɗaya da asuba ka zo kana yi wa abokai kuri.