Na Auna wa Kawu Gonar Mutumin Misau

Kawuna yana da gona a gefen dajin Kanawa, kan hanyar Dadin Kowa, yana kuma da rumfa a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe inda yake sayar da masara da wake. Ni kuwa ina da waya, da data, da baki.

Taswirar iSDAsoil ce ta ɗauke mini hankali, wadda aka fitar a 2020. Masu ita sun tara sakamakon awon ƙasa sama da 100,000 daga sassan Afirka, suka ɗura wa kwamfuta tare da hotunan taurarin ɗan Adam na Sentinel-2 da Landsat, da bayanin ruwan sama da gangaren wuri. Kwamfutar ta yi ta kwatantawa har ta gane irin ƙasar da kowane yanayi yakan zo da ita, sannan ta cike sauran nahiyar da hasashe. Kowane fili mai faɗin mita 30 yana da nasa lissafin: yashi nawa, laka nawa, tsami yaya, daga sama zuwa zurfin santimita 20, da kuma daga nan zuwa 50. A daji aikin ya fi wuya, domin ganyen itatuwa tauraron yake hangowa, ƙasar tana ɓoye. Shi ya sa taswirar take nuna inda take kokwanto. Ni dai ko ɗigon kokwanto ba ni da shi.

Ɗan Kawu ya turo mini lambobin wurin gonar, na rubuta su a bayan takardar tsire, na nufi kasuwa ana tsaka da ciniki. Na gaishe da dattawan rumfa, na gyara hula, na ce yau za a ga ilimi.

"Kawu, gonarka jigawa ce. Yashi ne zalla. Ka bar shinkafar nan, ka koma gyaɗa."

Kawu ya ajiye tiyar da ke hannunsa. "Ɗana, gonar da bara amalanke ya kafe a cikinta, sai da muka haɗa shanu huɗu?"

Na ce ai ido yana ruɗi, tauraro ba ya ruɗi. Na kawo zancen Turawa da dakunan gwaji. Wani dillali ya tambaya ko wayar tana sanin inda aka binne tukunyar kuɗi, na yi masa kallon tausayi. Don in nuna da gaske nake, nan take na sayi tiya goma na irin gyaɗa da kuɗin da uwargida ta ba ni na cefane, na ce gudummawata ce ga noman zamani.

Yaron da ke POS a rumfar gaba ne ya leƙo ta kafaɗata. "Yaya, wannan ai ba Gombe ba ce."

Gombe tana wajen digiri 10 ne arewa, 11 gabas. Ni kuma na sa 11 a gurbin 10, na sa 10 a gurbin 11. Lambobin sun yi kama kamar Hassan da Usaini, wayar ba ta yi gardama ba, ta kwashe ni sai yankin Misau a jihar Bauchi. Tun ɗazu gonar wani bawan Allah nake yi wa fatawa.

Yaron ya gyara lambobin. Laka ta fito, yadda Kawu da shanunsa suka faɗa. Na yi ƙoƙarin cewa ka ga, ai kimiyya ta gaskata ka, amma dariya ta riga ta kai layin masu gero.

Na roƙi mai gyaɗar ya karɓi kayansa, ya ce an riga an auna, kuma shi bai iya gardama da tauraro ba. Kawu ya sa aka ɗaure mini buhun a bayan babur, ya share hawayen dariya da hannun riga.

"Injiniya, idan ka huta ka nemo mana lambar mai gonar nan ta Misau. Kada damina ta faɗi bai san gyaɗa zai shuka ba."