Surukina, Lasifika da Shafin Farko

Ƙungiyar manoman citta ta unguwarmu a Fadan Kagoma ta shirya taron ƙarshen shekara. Tunda ni ne malamin makaranta, aka ce in rubuta ɗan labari a kan cutar da ta cinye citta a daminar 2023, a karanta wa jama'a kafin a raba shinkafa. Shugaban ƙungiyar surukina ne, suruki kuwa ba a ce masa "sai na duba".

Abin faɗa yana nan jibge. Kowa ya ga yadda ganye ya yi rawaya, aka tona aka tarar da saiwa ta ruɓe, tun daga Jema'a har Jaba da Kachia da Kagarko. Amma ina buɗe littafin rubutu sai kaina ya yi fayau. Na feƙe fensir har ya koma guntu. Abubakar Imam ya zauna a Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, cikin kimanin wata shida. Ni kuwa na rubuta "Wata rana", na zauna ina jiran ranar ta ƙaraso.

Mai shayin bakin titi ya ce in tauna ɗanyar citta, tana buɗe ƙwaƙwalwa. Na tambaye shi ko ya ji kuɗinta tun bayan cutar, sai ya ce to in shinshina. Wani abokin aikina mai koyar da Turanci ne ya kawo dabarar wani Ba'amurke, Peter Elbow, wadda ya bayyana a littafinsa na 1973: ka yi minti goma kana rubuta duk abin da ya faɗo maka, ba ɗaga biro, ba gogewa, ba kunya. Na gwada, kuma ta yi aiki. Shafin farko ya cika da shirme, daga na biyu labari ya ɓalle. Na ba yaro littafin ya kai Kafanchan a buga a kwamfuta. Mai shagon mutum ne mai amana fiye da kima. Bai tsallake ko waƙafi ba, har kanu ya sa wa shirmen da manyan baƙaƙe.

Ranar taro aka miƙa takardun ga sakatare, mutumin da ke karatu a majami'a ranar Lahadi, mai muryar da ko lissafin kuɗin taki ya karanta sai mata sun share hawaye. Ya gyara tabarau, ya hura makirfo, ya fara.

"Ban san abin da zan rubuta ba."

Ya dakata. Dattawa suka gyaɗa kai, sun ga tawali'u.

"Ban san abin da zan rubuta ba. Ban san abin da zan rubuta ba."

Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki." Ta ɗauka kukan manomi ne a gaban gonarsa.

"Akuyar maƙwabta ta sake shigowa. Ƙafata tana ƙaiƙayi. Ina jin yunwa."

"Yunwa kam an sha ta," in ji wani daga baya.

A nan ne na tuna layin da ke biye. Na tuna shi kalma bayan kalma, har da inda biro ya yi dabbare. Tsakanina da sakatare akwai benci goma sha wani abu cike da 'yan Zumuntar Mata, kowacce da jaka a cinya. Na dubi janareta. Janaretan nan da bai taɓa kai ƙarshen taro da ransa ba, ranar yana ruri lafiya lau, kuma har da kuɗina a man da aka zuba masa. Sakatare ya lashi yatsa, ya ja numfashi.

"Baba ya karɓi buhun irina tun watan Afrilu, ya ce zai biya bayan girbi. Girbin wace shekara, bai faɗa ba. Ga shi kuma ya ɗinka sabuwar babbar riga."

Lasifikar tana da amsa-kuwwa. Ta ce riga, ta sake cewa riga, ina jin har ƙofar fadar Kpop Gwong an ji. Kawuna suka juya gaba ɗaya zuwa babban tebur, inda Baba, surukin nawa, ke zaune, kwalbar lemo ta tsaya masa tsakanin tebur da baki. Sakatare ya ɗauka bai fita sosai ba ne aka yi tsit, don haka ya maimaita, a hankali, yana ba kowace kalma haƙƙinta.

Kusa da ni akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a tashar Kafanchan, mahaɗar da layin Fatakwal ke rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya Jos. Ya dafa gwiwata.

"Malam, kada ka motsa. In jirgi ya sauka daga layi, direban da ya diro shi ake fara kamawa. Zauna ka tafa."

Na tafa. Ni kaɗai.

"To, ka ce Baban cikin labari ne. Wani mutumin Kwoi."

Bai rufe baki ba sakatare ya ci gaba: "Shuɗiya, mai aikin zare ruwan gwal a wuya." Baba ya sunkuya ya dubi wuyan rigarsa, sai ka ce yau ya fara ganinta.

Tsohon ya yi ɗan nazari. "Saura suma. Ka faɗi, ni zan yi ihu a kawo ruwa. Amma ka faɗi ta wancan gefen, wannan ƙafar tawa ba ta da lafiya."

Ta wancan gefen matata ce. Ba ta ce komai ba. Ta dai ɗauke jakarta daga tsakaninmu ta mayar ɗaya ɓangaren, ta zuba wa gaba ido. Surukata kuwa ta cusa fuska cikin gyale, kafaɗunta suna rawa. Har yanzu ana gardama a gidan ko kuka take yi.

An karanta sauran labarin, kuma na rantse yana da kyau. Akwai wurin da manomi ke tona kunya bayan kunya yana fatan samun saiwa ɗaya mai rai. Ba wanda ya ji shi. Da aka zo rabon shinkafa tsohon ya biyo ni da farantinsa, bai gama ba.

"Ku 'yan boko kuna wahalar da kanku. Mu a tasha ba mu taɓa rasa abin rubutawa ba. Fom ake ba ka: kwanan wata, lokacin isowa, lokacin tashi, sa hannu. Nan gaba ka ja layi a takardar tukuna." Ya ɗauki nama daga farantina. "Kuma bashin suruki ba a rubuta shi. A zuci ake riƙewa, har a mutu."

Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙanin matata ne, da buhu a ka. Na ce ashe dai rubutu yana biya. Na kwance bakin buhun, sai ga shuɗiyar riga a ninke, an yi mata guga.

"Baba ya ce ka riƙe jingina har bayan girbi. Ya ce kuma ita za ka sa ka zo cin abincin Kirsimeti, dangi duka za su hallara."

Baba ya fi ni tsawo da kusan taƙi biyu. Rigar tana jan ƙasa.