Cika ko Mara

Tunda na taɓa cike wa maƙwabci fam ɗin banki ba a dawo da shi ba, gidanmu suka naɗa ni Sarkin Turanci. Shi ya sa da Kawu ya kama hayar shago, ni ya miƙa wa takardar yarjejeniya.

"Ɗan nan, duba min. In ba wani tela rabin shagon ya riƙa rage min kuɗin haya, ko an hana?"

Sakin layi na bakwai jimla ɗaya ce tal, ta cinye rabin shafi ba aya. Irin Turancin da muka gada tare da dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900 ne, har yau lauyoyinmu ba su yarda a taɓa masa ko waƙafi ba. Abin da na tsinta: ɗan haya ba zai ba wani haya ba, ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba, izinin da ba za a hana ba bisa rashin dalili. Na karanta a zaune, na karanta a tsaye, kaina ya ɗau zafi.

Sai na tuna malamin lissafi: ragi sau ragi, ƙari ne. Na ɗauko biro na bi duk wata kalmar kore ina yi mata zobe. In sun tashi cika, an halatta, in mara, an haramta. Huɗu na samu.

"Kawu, cika ce. Kawo tela."

Tela ya shigo da kekensa da rediyonsa da yara biyu masu sa maɓalli. Wata bai ƙare ba mai gida ya biyo ta layin, ya tarar ana gwada wa wani babbar riga a ƙofar shagonsa. Ashe kowace "a'a" da inda aka ɗaure ta: biyun farko na kan Kawu, sai ya nemi izini a rubuce, biyun ƙarshe na kan mai gida, kada ya ƙi don mugunta. Ba sa cinye juna. Ni dai har gobe ina ganin wanda ya rubuta jimlar nan ya kamata a kama.

Da wasiƙar lauya ta iso, Kawu ya sake kira na. Na zaro biro, na ƙirga a nutse.

"Kawu, wannan karon mara ce."

"Na sani," in ji shi. "Ga tela can yana ɗora keke a kura. Zo ka kama masa."