Mu da Wankin Fulogi

Mu mutanen Kunci, mota ba ta tsufa a hannunmu. Fijo 504 ɗin da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975, da Golf ɗin da ta gama aikinta a Turai kafin ta iso mu, su ne har yau ke kwasar mana gero da albasa ran kasuwar Shuwaki, su kai mu Bichi, su dawo da mu. To amma akwai wata al'ada tamu da ake yawan tayar da zancenta a majalisa bayan la'asar: da mota ta fara jijjiga ko ta ƙi tashi da safe, kowa bakinsa ɗaya, "Fulogi ne!"

Sai a kira yaron gareji. Ya kwance, ya goga da samfefa, ya wanke da fetur, ya hura, ya mayar. Mota ta tashi, direba ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗan samari." Bayan mako guda ga shi ya dawo. Wannan karon sai a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo sabo, shi ma ya yi baƙi ƙirin. Daga nan laifi ya koma kan mai shago, ko kan 'yan bumburutu.

Tsofaffin makanikanmu ba haka suke yi ba. Za ka ji ɗayansu ya ce wa yaro, "Kai, kada ka goge, miƙo in gani tukuna." Domin fulogi ɗan aike ne, labarin cikin inji ya kawo. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, inji lafiya lau. In baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, fetur ya fi iska yawa: a duba kafireta da cok, a duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu da hanyoyinmu na burji ke toshewa. In baƙin da maiƙo ne, ga shuɗin hayaƙi a salansa, to baƙin mai na haurowa inda bai kamata ba. In kuwa ya yi fari fat, inji na ɗaukar zafi, kuma wannan ya fi hatsari.

Fulogi mai maiƙon nan shi ke cin kuɗinmu. Me muke yi? Mu ƙara baƙin mai mai kauri, mu ce a lallaba har a sayar da wake. Wani kuma ya yanke hukunci kai tsaye: "Oga, a sauke inji kawai." Duka biyun lalube ne. Gwajin matsi shi ke raba gardama. Wasunmu na toshe ramin fulogi da babban yatsa a murza makulli, amma yatsa mataccen silinda kaɗai yake ganewa. Agogon gwaji shi ne gaskiya. A bar inji ya ɗumama, a cire fulogai huɗun, a zare wayar koyil, a taka totur har ƙasa, a gwada silinda ɗaya bayan ɗaya. Bai kamata bambancinsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba. Wanda ya yi ƙasa, a ɗiga masa cokali guda na baƙin mai a sake gwadawa. In matsin ya tashi, ringi ne ya cinye. In bai motsa ba, a nemi bawul. In silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, ko ruwan lagireto na raguwa ba yoyo, gasket ɗin kan inji ake tuhuma.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, silinda ɗaya da ba ya ƙona fetur ɗinsa asara ce da direba ke ji a aljihu kullum, fasinja ma ya ji a kuɗin mota.

Don haka, Alhaji mai mota, kafin ka biya kuɗin wanki ko na sauke inji, ka ce a nuna maka fulogin, ka ce a gwada matsi. Ku kuma iyayen gidanmu na gareji, ku sa agogon nan cikin kayan aiki, ku koya wa yara karanta fulogi kafin goge shi.